Gyaran mota ya koma na kwamfuta: ina makomar bakaniken Sabon Gari?

A da, bakaniken Sabon Gari da kunne yake gane ciwon mota. Yau motoci 'yan Kwatano da suka cika titunan Kano ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa injinsu. Tun 1996 Amurka ta wajabta sanya wa motoci kafar OBD-II, wadda ake jona na'urar bincike a cikinta.

Ƙaramar na'urar da ke karanta lambar matsala ba ta da wuyar samu. Amma saita sabuwar ƙwaƙwalwa, ko haɗa ta da makulli, sau da yawa sai da manhajar kamfanin da ya ƙera motar, wadda da dala ake biyan kuɗinta. Bakaniken da bai da ita canki-canki yake yi: a sauya wannan, a sauya wancan, mai mota na biya.

A 2012, masu zaɓe a jihar Masachuset ta Amurka suka tilasta wa kamfanoni buɗe waɗannan bayanai ga garejoji masu zaman kansu. Kafin hukumar NADDC ta nemo wa Najeriya irin wannan haƙƙi, ƙungiyar makanikai ta NATA na iya haɗa kuɗi ta sayi manhaja ɗaya don 'ya'yanta.