Nauyin Shafin Intanet: Wa Ke Biyan Kuɗin Dako?

Duk sa'ad da ɗalibi a Roni ko Gwiwa ya buɗe shafin intanet domin duba sakamakon jarrabawa, kuɗi yake kashewa. Kowane harafi da kowane hoto da ya sauko cikin wayarsa, daga datar da ya saya ake zare shi. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kayan ya daɗa nauyi. A ganina, wani kaso na wannan kuɗi asara ce tsagwaronta, kuma alhakin yana wuyan maginan shafukan.

Maganin farko shi ne danƙarewa. Kamar yadda ake danƙare auduga a buhu don mota ɗaya ta kwashe kayan mota uku, haka babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wato saba, za ta iya matse rubutu kafin ta aiko shi, wayar kuma ta warware. Dabarar ita ce a taƙaita duk abin da ya maimaitu, rubutun shafi kuwa cike yake da maimaici, shi ya sa sau da yawa yakan ragu da fiye da rabi. Tun 1992 Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fito da manhajar gzip, a 2015 kuma Google ya kawo Brotli. Duka kyauta ne, layuka kaɗan ake rubutawa a kunna su. Hoto dai ya riga ya matsu, sai a rage girmansa tun kafin a ɗora.

Na biyu shi ne ajiya. Tambarin makaranta ba ya sauyawa, to don me za a sauko da shi sau ashirin? Saba na iya umartar manhajar buɗe shafuka ta adana shi a rumbun wayar har shekara guda. In wa'adin ya cika, sai ta tambaya ko an sauya. In ba a sauya ba, a ba ta gajeriyar amsa mai lamba 304, ta ɗauko na rumbu. Amma fa a yi hattara: jerin sunayen waɗanda aka ɗauka ba abin ajiya ba ne, kada yaro ya yi mako yana duban tsohon jeri alhali sunansa ya fito.

Wani zai ce ai layin sadarwa na ƙara sauri, wannan ƙwauro ne. Mai faɗin haka a ofis yake zaune, bai taɓa ɗaga waya sama a ƙauyen Ɓaɓura yana farautar sabis ba.

Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, ga kuma cibiyar fasahar sadarwa da gwamnatin Jigawa ta kafa. Ina roƙon malamansu, idan ɗalibi ya kawo shafin da ya gina, a auna nauyinsa, a buɗe shi a ƙaramar waya mai raunin sabis, sannan a ba shi maki.