Ƙurar silikon mai haske ta narke, amma a kan lokaci

A shekarar 1990, Leigh Canham, wani masanin kimiyya a garin Malvern na Ingila, ya dallare wani ɓallin silikon da asid ya huhhuda da haske mai ƙarfi, sai ga shi yana walƙiya jawur. Masana sun riƙe baki, domin silikon, wanda ake ƙera farantin sola da ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, ba a san shi da ba da haske ba. Sirrin yana ga ƙanƙanta. Idan ƙwayarsa ba ta wuce 'yan nanomita ba, wato 'yan kashi kaɗan cikin miliyan na milimita, sai halinta ya sauya.

Masu binciken ciwon daji suna neman ƙurar silikon mai irin wannan haske ruwa a jallo: a yi allurarta, ta bi jini, ta taru a kan ƙari, ta haska shi likita ya gani. Akwai wasu ƙwayoyin da suka fi ta haske, irin waɗanda suka jawo wa Bawendi da Brus da Ekimov lambar Nobel a 2023. Sai dai fitattunsu da kadmiyam ake yi, ƙarfen da ya lalata ƙoda da ƙasusuwan mutanen yankin Toyama na Japan. Wa zai so a ɗura wa mahaifiyarsa wannan?

Ita kuwa ƙurar silikon, ruwa ne abokin gabarta. Takan fito daga asid lulluɓe da haidurojin, amma da ta haɗu da ruwa da iskar oksijin sai bayanta ya fara tsatsa. Hasken ya dushe ko launinsa ya sauya, daga bisani ita kanta ta narke. Jini kuwa ruwa ne mai ɗumi da gishiri. Shi ya sa masana suke ta ɗinka mata riga, wasu da sarƙar kabon da ke manne da silikon gam, wasu da kitse ko sukari.

A nan ya kamata a taka burki. Wannan narkewa da ake kuka da ita, ita ce babbar falalar silikon. A 2009, tawagar Michael Sailor ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ta lulluɓe ƙwayoyin da wani nau'in sukari mai suna dekstiran, ta yi wa ɓeraye allura. An ga ƙari ya haskaka a jikin ɓera yana raye, sannan ƙwayoyin suka narke suka koma sinadarin da ƙoda ke iya fitarwa ta fitsari. Wanda ya yi musu rigar da ba ta yagewa ya mayar da su baƙon da zai tare a hanta da saifa.

Abin da mara lafiya yake bukata shi ne ƙwayar da za ta yi watanni a kwalba ba ta lalace ba, ta riƙe haskenta na sa'o'in da ake ɗaukar hoto, sannan ta kama hanya. Kuma ƙurar silikon tana da wata baiwa: haskenta yana daɗewa fiye da ƙyallin da naman jiki ke yi, don haka kyamara na iya dakatawa kaɗan, ƙyallin nama ya mutu, ta ɗauki nata zalla.

Saboda haka duk mai da'awar cewa ƙurarsa tana da juriya, a tambaye shi inda ya gwada ta. Kwalbar sinadari a kan kanta ba ta isa shaida ba. Ya zuba ta cikin ruwan jini a zafin digiri 37, ya faɗi sa'o'i nawa ta yi tana haske, da kwana nawa ta ɗauka kafin ta fice daga jiki.