Permin jiya ba shi kai mota bakin teku

Jama'a, akwai wata magana da ta yi yawa cikin tashoshin manyan motoci, tun daga Tawa har Damagaram. Yaro ya samu takardar tuƙin babbar mota, wadda muke kira permi, tawadarta ba ta ko bushe ba, sai ka ji ana ce mishi: «Me kake jira? Kuɗi suna bakin teku. Nemi tirela ka bi hanyar Kwatano ko ta Lome.» Uwaye suna faɗin haka, abokai suna faɗi, waɗansu masu motoci ma suna faɗi. Ni ban yarda ba. Sabon direba bai kamata ya fara aikinshi da ƙetare iyaka ba, kuma ga dalilaina.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne, ban taɓa jan tirela ba. Amma ajina na dare kusa da tasha yake, kuma da yawa cikin ɗalibaina yaran mota ne da direbobi. Ɗaya daga cikinsu ya samu permi cikin watan azumi. Bayan salla kaɗan wani ɗan kasuwa ya damƙa mishi mota cike da albasar Galmi, za a kai Kumasi. Ya zo ya yi mini bankwana da murna. Na ce ya ƙara haƙuri, ya ce: «Malam, in ban karɓa ba wani za a ba.»

Ya tafi. A wata iyaka anka duba takardunshi, anka ga lambar da ke rubuce ba ta dace da lambar da ke jikin tirela ba. Wanda ya cika takardar ne ya yi kuskuren lamba guda, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Tsohon direba ba shi tada inji sai ya gwada kowace lamba da ta jikin mota. Kwana shida motar tana tsaye cikin rana kafin a gyara takarda. Kowa ya san albasa ba ta jiran mutum. Da anka buɗe buhuna, ruwa ke zuba. Mai kaya ya ce laifin direba ne, mai mota ya karɓe makulli. Yau yaron nan yana tura kura cikin kasuwa, yana biyan bashin da bai ci ko dala daga cikinshi ba. Mota ba ta faɗi ba, ba wanda ya mutu, amma an kashe mishi sana'a tun ranar farko.

Mu tambayi kanmu, mene ne permi? Shaida ce cewa mutum ya san alamomin hanya, ya iya tada mota, ya juya ta, ya tsaida ta gaban mai jarrabawa. Sau da yawa motar jarrabawar ma ba kaya cikinta. Permi bai ce mutum ya san yadda tan 40 ke tura kan mota in an zo gangara ba. Ƙasarmu shimfiɗe take. Daga Maradi zuwa Yamai, wajen kilomita 660, ba wani dutsen kirki da zai gwada direba. Amma wanda ya bi hanyar Lome sai ya gamu da duwatsun Alejo da na Defale a arewacin Togo, inda direbobi da yawa sunka bar motocinsu. Tsohon hannu ya san tun kafin gangara ake sa ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe mota. Sabon hannu sai ya danne birki, ya yi ta dannawa har birki ya yi zafi ya daina kamawa. Daga nan sai salati.

Na biyu, takardu. Cikin gida jandarma zai tambaye ka permi da takardar mota da inshora. In ka ƙetare iyaka, sai an ƙara da takardar kaya, da ta duwan, da inshorar da ke aiki a ƙasar da ka shiga, da katin allurar shawara. A Benin da Togo da Burkina Faso Faransanci ake rubutawa, a Najeriya da Gana Ingilishi. Kuɗi ma suna sakewa: nan sefa, can naira, can sidi. Ga kuma ma'aunin nauyi. Tun shekarar 2005 ƙasashen UEMOA sunka kafa doka mai lamba 14, wadda ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka. Mai kaya kullum so yake a ƙara buhu goma. Direban da ya daɗe yana iya duban idonshi ya ce a'a. Yaron da ya samu mota jiya yana tsoron a karɓe ta, sai ya yi shiru. In an hau ma'auni, mai kaya yana gida yana shan shayi, yaro ne ke tsaye gaban ma'aikata.

Na uku, hanyar kanta ba ta da tabbas. Daga Kwatano zuwa Yamai, ta Paraku da Malanbil da Gaya da Doso, kilomita 1000 ne da ɗoriya. A shekarar 2023, bayan juyin mulkin watan Yuli, CEDEAO ta rufe iyakoki. Ɗaruruwan motoci sunka yi layi a Malanbil, makonni suna tsaye, kaya suna lalacewa. Daga baya anka koma ɗauko kaya daga Lome, a ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera, motoci jere cikin ayari, sojoji na rakiya saboda ƴan bindiga. Irin wannan tafiya tana son mutumin da ya san yadda ake tattalin gazuwal da kuɗin hanya, ya san inda ake kwana da inda ba a tsayawa ko taya ta fashe. Wa zai ce yaron da bai taɓa kwana nesa da gareji ba ya san wannan?

To, masu ce ma yara su tafi suna da nasu hujjoji, bari mu dube su.

Sun ce tafiya mabuɗin ilimi, hanya ita ke koyar da direba. Gaskiya ne, hanya tana koyarwa. Amma kuɗin makarantarta da tsada. In direba ya yi kuskure tsakanin Maradi da Tasawa, kafin la'asar ubangidanshi ya iso da makanike. In ya yi shi bayan Paraku, shi kaɗai ne, da dukiyar mutane bisa kanshi, cikin ƙasar da bai san dokarta ba. Wani kuskuren kuma ba a yin shi sau biyu. Tirela in ta kauce ba direba kaɗai take ɗauka ba, har da mai amalanke, da mata masu dawowa daga kasuwa.

Sun ce aiki ya yi wuya, wanda ya samu mota kada ya yi wasa da ita. Wannan ma na ji. Amma mu faɗi gaskiya, don me mai mota ke barin tsofaffin direbobi zaune bisa benci ya nemi sabo? Don sabo ba shi da tsada, ba shi gardamar kuɗin hanya, ba shi ƙin lodi, ba shi cewa ya gaji. Ba taimakon yaro ba ne, arha ake nema. Ku masu motoci, kun san da wa nake. Motar da kunka zuba miliyoyi kunka saya, ina dabarar damƙa ta ga wanda ba ku yarda ku ba ɗiyarku ya kai ta ƙauye ba?

Sun ce yaronmu ya yi shekara biyar yana karen mota bisa hanyar teku, ya san kowace kwana. Wannan ita ce hujjarsu mai ƙarfi, kuma na yarda ya fi wanda ya fito daga makarantar tuƙi kai tsaye. Amma zama kusa da direba daban, riƙe sitiyari daban. Yaron mota yana barci lokacin da ubangidanshi ke kokawa da gyangyaɗi ƙarfe uku na dare. Yana gadin kaya lokacin da ubangidanshi ke cikin ofishin duwan. Ya ga hanya, bai ɗauki nauyinta ba.

Abin da nake kira gare shi ba shi da wuya. Shekarar farko, sabon direba ya yi aikin kusa: jigilar yashi, da gero, da simintin Malbaza, da kayan kasuwannin ƙauye, inda zai koyi ja da baya, da ɗaurin kaya, da jin kukan injinshi. Shekara ta biyu, ya bi babbar hanya daga Yamai zuwa Damagaram, ya ga damina guda da santsinta, ya ga hunturu guda da hazonshi. Bayan haka ya ƙetare iyaka ta kusa, kamar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, ko Ƙonni zuwa Illela, inda harshe ɗaya ne kuma gida ba nisa. Sa'an nan ya tafi bakin teku a matsayin direba na biyu, gefen tsohon hannu, shi ke riƙe takardu, shi ke shiga ofis, har ubangidan ya ce ya isa. Cikin waɗannan shekaru kuma ya koyi karanta duk takardar da za a miƙo mishi kafin ya sa hannu. Ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci suna iya tsaida wannan tsari tsakaninsu, ba sai sun jira gwamnati ba, tunda su ke rubuta layin lodi a tasha.

Ku uwaye, ku daina auna ɗanku da ɗan maƙwabci da ya dawo daga Lome da rediyo da turamen atamfa. Ba ku ga waɗanda ba su dawo ba. Ku kuma samari, ƙannena, teku ba ta ƙafewa, tana nan tana jiranku. Sannu ba ta hana zuwa. Shekara biyu cikin gida ba asara ba ce ga mai son ya yi shekara talatin bisa hanya.

Allah ya kiyaye hanya, ya maido kowane matafiyi gidanshi lafiya.