Kada Ka Tafi Fadama Ba Fulogi a Jaka

Jama'a, rani ya kama, masu lambu a ƙasar Batsari da Safana sun fito da injunan ban ruwa. To, ga gargaɗi. Inji ba ya sallama in zai tsaya. Fulogi ya ƙone, ko igiyar tayarwa ta tsinke, sai mutum ya bar aiki ya nufi Dutsin-Ma ko Katsina nema, ga hanyoyin gefen Dajin Rugu ba su son tafiyar yamma. Kafin ya komo, tumatir da albasa sun yi yaushi. Saboda haka ran kasuwa sayi fulogi 2, da igiya, da baƙin mai, da sifana, da robar ɗaure tiyo. Wanda ya ga tsadarsu, ya auna da asarar lambu ɗungum. Allah ya amfana.