Martani: Ɗan Wasa Ba Jakin Kano Ba Ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce kocin ƙwallon kwandon da 'yan wasa bakwai suka rage masa ya bar gwanaye biyar a fili har a tashi. Wannan shawarar ɗan kallo ce.

Wasan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka minti 40 ne, kuma laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, ba shida ba kamar a NBA. Da zarar ƙafa ta gaji, hannu ke yin tsaro, nan alƙalin wasa zai fara busa usur. Raba minti 200 (wato minti 40 sau mutum biyar da ke fili) ga mutum bakwai, kowa zai samu kusan 29. Koci mai lissafi yakan zaunar da gwaninsa gab da hutun tallan talabijin, hutun minti ɗaya ya ninka, ya kuma koma tsaron yanki don yaransa su daina bin abokan hamayya lungu-lungu.

Kuma don Allah kada ka kawo mini labarin ƙungiyar jami'ar Alabama a 2017, da suka ƙarasa wasa da mutum uku, Collin Sexton ya ci maki 40. An yi tafi, amma Minnesota ce ta yi nasara, 89 da 84.