Jirgin Katako Mai Inji: Tun Ran Gini Ran Zane

 

Duk wanda ya ji ana zancen ƙera jirgin ruwa a Briqueterie, dariya zai fara yi, domin kuwa Yawunde gari ne na tuddai, ba shi da kogin da jirgi zai bi, kuma tun zamanin Annabi Nuhu (AS) mutane suke zolayar mai haɗa jirgi a kan tudu. Amma maganar ba ta wasa ba ce. Gidaje da dama a unguwar nan suna da 'yan'uwa masunta da 'yan fito a Lagdo, da Blangoua, da Darak a bakin Tafkin Cadi, kuma ba tun yau ba kuɗin ɗinki da na tsire da na adashin uwargida suke tafiya Arewa a sayi raga, ko inji, ko jirgi sukutum. To, sai tunani ya zo wa mai kuɗin: ga katako nan kusa da mu tunda muna bakin kurmi, ga kafintoci a kowane lungu, me zai hana a haɗa jirgin a gida a rage tsada?

Ana iyawa. Sai dai ya kamata maigida ya san cewa yawancin abin da zai sami jirgi a tsakiyar ruwa, tun a wurin ƙira ake yanke shi, ranar da ake cinikin katako da ƙusa, alhali babu ko ɗigon ruwa a kusa.

Mutanen ƙasashen nan sun daɗe da sanin jirgi. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu a Nijeriya, ya ci karo da kwalekwale a binne, wanda tsawonsa ya haura mita 8, masana kuma suka auna shekarunsa suka ce sun kai wajen 8,000. Gungumen itace guda ne aka fafe, kamar yadda masassaƙa suka ci gaba da yi da madaci da rimi har zuwa zamanin kakanninmu. Irin wannan jirgi jiki ɗaya ne, ba shi da mahaɗi balle ya buɗe. Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci a Arewa, kaya kuma suka ƙaru, sai aka koma ga jirgin falanki, wato katakai da yawa da ƙusa ke riƙe da su, daga baya aka ɗaura masa inji a baya. Nan ne sana'ar ta sake fuska. Filafili da gora ba sa girgiza jirgi, amma inji tun daga tashi har sauka kaɗa shi yake yi, yana buga ƙirjinsa a kan taguwar ruwa, kowace ƙusa tana motsi a raminta kaɗan-kaɗan. Saboda haka kafintan da ya gwanance a kan gado da kabad bai zama maƙerin jirgi ba tukuna, ko da kuwa hannunsa ya fi na kowa kyau.

A kan katako ake fara yaudarar kai. Farin katakon nan da ake kira ayus, wanda ya cika kasuwannin katako har can Arewa, yana da araha, ga sauƙin yanka, ga rashin nauyi, don kubik mita guda ba ta kai kilo 400 ba idan ya bushe. Amma ba ya jure jiƙa da bushewa, ƙwari suna son sa, kuma ba ya riƙe ƙusa da ƙarfi. A ɗaya gefen ga azobe, wanda ake kafa gadoji da matsayar jiragen teku da shi saboda ruwa ba ya cin sa. Shi kuma ya fi ruwa nauyi, in ka jefa guntunsa a kogi nutsewa zai yi, kuma sai an huda shi kafin ƙusa ta shiga. Tsakaninsu akwai iroko, wanda Hausawa ke ce wa loko, mai nauyin kilo 650 ko kusa da haka, mai jure ruwa da gara, sai kuma dangin madaci na kurmi da dangin kawo. A ganina, wanda kuɗinsa bai kai ya yi jirgin duka da katako mai ƙwari ba, to ya rage tsawon jirgin, kada ya rage darajar katakon. In kuwa dole sai an gauraya, a sa mai ƙwarin a gindi da haƙarƙari da allon baya, a bar farin ga kujeru da abin da ke sama da ruwa. Araha ba ta ado, balle a inda babu tudun da za a tsaya a gyara.

Ko a cikin loko ɗin ma akwai abin dubawa. Kowane falanki da aka yanko daga gefen gungume yana zuwa da wani farin sashe na kusa da ɓawo, wanda ba shi da ƙwarin jan cikin, kuma shi ne yake fara ruɓewa. Mai sayarwa ba zai nuna maka ba. Ka juya falankin da kanka, ka duba bakinsa biyu, ka ƙi mai farin gefe da mai ƙulli da mai tsaga. (Mai yankan loko kuma ya rufe hancinsa, don garinsa yana sa tari da ƙaiƙayi.)

Sai batun bushewa, wanda ya fi shafar mu mazauna Kudu. Katakon da aka yanko daga kurmi cike yake da ruwa, kuma iskar Yawunde mai laima ce. Idan ya bushe ba ya raguwa a tsawo sai ɗan abin da ba a kula da shi, amma a faɗi yana tsukewa sosai. Ka haɗa jirgi da ɗanyen katako a nan, mahaɗansa sun liƙe kamar an zana, sa'an nan ka kai shi Garwa ko Kuseri cikin hunturu ko zafin bazara: kafin wata ya zagayo za ka iya zura yatsa tsakanin falanki da falanki, wasu kuma su tsage daidai inda ƙusa ta hana su motsi. Maganin abin shi ne haƙuri. A jera katakan a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama don kada su karkace, a bar su watanni. Mafi kyau ma su ƙarasa bushewa a ƙasar da jirgin zai zauna.

Wannan ya kawo mu ga inda za a yi aikin. Wanda ya san lungunan Briqueterie, inda mutum biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya karkata, ya san cewa jirgi mai mita 10 ko an gama shi a tsakar gida, sai an rushe katangar maƙwabci kafin ya fita. Ƙaramin jirgin su na mita 4 ko 5 ana iya haɗa shi a gida a ɗora a mota. Babba kuwa, shawarata ita ce a sayi katakon a nan, a nemi takardun Ma'aikatar Gandun Daji na ɗaukarsa don kada a sha wahala a shingayen hanya, a tura shi ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko ta babbar mota, a kuma ɗauki maƙerin da ke zaune a bakin ruwan. Dalili kuwa, kowane ruwa da halinsa. Tafkin Cadi ba shi da zurfi, ga ciyayi, don haka yana son jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi. Tafkin Lagdo, wanda ya samu bayan an datse Binuwai da madatsar da aka gina tsakanin 1977 da 1982, fili ne buɗaɗɗe da iska ke tayar wa taguwa, ga dorina. Sanaga, inda masu haƙar yashi suke lodin yashin da ake gina Yawunde da shi, tana da duwatsu da ƙarfin gudu. Maƙerin kowane wuri ya gaji siffar da ta dace da ruwansa, kuma wannan ilmi ba ya cikin zanen da ake kwafowa daga intanet.

Ƙusa kuwa, ta gama-gari ta ginin rufi ba ta jirgi ba ce. Tsatsa tana cinye ta a cikin katako inda ido ba ya gani, kanta yana nan lafiya a waje, jikinta ya zama zare. A nemi wadda aka yi wa rufin tutiya, a fara huda ramin kafin a buga don kada falanki ya tsage, a lanƙwasa bakinta ta ciki. Wurin haƙarƙari da allon baya a sa noti mai ratsawa. Mahaɗai a cusa musu auduga ko zaren buhu da aka jiƙa da kwalta, amma kada a danna har a cika, domin katako zai kumbura idan ya sha ruwa, yana bukatar wurin da zai matse.

Allon baya shi ne ke ɗauke da inji, kuma duk ƙarfin turawa ta kansa yake bi ya shiga jikin jirgi. Inji mai ƙarfin doki 40, irin Yamaha da aka saba gani a ruwayenmu, nauyinsa ya kai kilo 70. Allon ya zama mai kauri, a tokare shi da gwiwoyin katako zuwa gindi da gefe biyu. A kuma san injin kafin a yanka allon, don akwai mai gajeriyar ƙafa da ke son tsayin kusan santimita 38, akwai mai doguwa da ke son kusan 51. In allon ya yi tsawo farfela za ta riƙa shan iska, in ya yi gajarta ruwa zai riƙa shigowa ta baya duk lokacin da aka rage gudu. Ɗora babban inji a kan ƙaramin jirgi kuwa don a riga abokan sana'a isa kasuwa, wannan neman magana ne.

Yanzu ga lissafin da nake roƙon kowane mai jirgi ya yi da alƙalami tun kafin a buga ƙusar farko. Jirgi yana ɗaukar nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture, kuma lita guda ta ruwa kilo guda ce. A ɗauka jirginka mita 10 ne, faɗinsa mita ɗaya da rabi a tsakiya, ya tsuke a gaba, shimfiɗar gindinsa ta kama mita 12 murabba'i. Duk santimita 10 da ya nutse, kilo 1,200 ke nan. In tsayin gefensa santimita 60 ne, kana son rabi ya zauna a saman ruwa saboda taguwa, to abin da aka yarje maka kilo 3,600 ne. Cire kimanin 1,000 na jikin jirgin da inji da mai, saura 2,600: buhu 26 masu kilo ɗari-ɗari, ko mutum 40 waɗanda ba su riƙe ko ƙunshin goro ba. Mutane kuma ba buhu ba ne, suna miƙewa, suna karkata gefe guda idan sun tsorata, don haka mai hankali zai rage wannan adadi. To, ranar kasuwa a ɗauki mutum 40 ɗin, a ƙara buhu 15 da babur 2. Abin da ya rage tsakanin bakin jirgi da ruwa bai kai taƙi guda ba.

Turawa ma sai da teku ta ci musu mutane masu yawa kafin su ɗauki mataki. Wani ɗan majalisar Ingila mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta fama da masu jiragen da ke cika lodi saboda riba, har dokar 1876 ta tilasta a zana alama a jikin jirgi wadda ke nuna iyakar nutsewarsa, kuma har yau manyan jiragen da ke tsayawa a Duwala da Kiribi suna ɗauke da ita. Mu ba mu bukatar majalisa kafin mu sayi gwangwanin jan fenti. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ɗauke da mutum sama da 150, ya dare a tsakiyar Kogin Kwara, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Hukumomi sun ce jirgin ya tsufa, kuma an yi masa lodi fiye da ƙima. Yawancin waɗanda ke ciki masu neman abinci ne, da mata da yara.

A nan ne maganar ta dawo gidajenmu. Mun saba ɗora laifi a kan matuƙi, amma sau da yawa mai jirgin yana zaune a Yawunde, ya yanka wa ƙanensa ko ɗan ɗakinsa balas ɗin da zai riƙa turowa kowane mako, ba ya tambayar ko ruwa ya ja baya, ko mai ya yi tsada. Yaron da aka matsa wa haka ba shi da inda zai samo cikon sai a ƙarin fasinja da tafiyar dare. Wanda ya yanka balas yana da hannu a lodin, ko da bai taɓa taka bakin tafkin ba, kuma rayukan da ke cikin jirginsa amana ce a wuyansa. Hajiya da ta zuba kuɗin adashinta ita ma tana da ikon ta ce a nuna mata hoton jan layin a waya, ta kuma tambayi rigunan ruwa nawa ne a ciki. Kuɗinsu a sa shi cikin kuɗin ƙira tun farko, tare da na jarkoki marasa komai da za a toshe a ɗaure ƙarƙashin kujeru, tunda kowace jarka mai lita 20 tana iya riƙe kusan kilo 20 a saman ruwa idan jirgi ya cika.

Idan an gama ƙira, kada a yi gaggawar ɗaukar mutane. A tura jirgin cikin ruwa marar zurfi ya kwana biyu ko uku, katako ya sha ya kumbura, ana kwarfe abin da ya shigo. Yoyon da bai tsaya ba bayan haka aibi ne, a fito da shi a gyara. Sa'an nan a loda masa buhunan yashi daidai nauyin da aka lissafa, a zagaya da shi da inji kusa da gaɓa, a dawo a duba allon baya da mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. Inda ruwa ya tsaya a jikinsa da wannan lodi, nan za a ja layin, gefe biyu, da kaurin da mai tsaye a bakin gaɓa zai hango shi kafin ya biya kuɗin fito.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.