Sukari Ya Yi Tsada, Ina Maɗin Ɗinya?

'Yan'uwana mata, tun 2023 da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin sukari ya haura a Boɗinga kamar ko'ina. Dalili kuwa, yawancin ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas daga Burazil yake zuwa, da dala ake sayensa, sannan a biya kuɗin mota zuwa Sakkwato.

To, iyayenmu ba su jira jirgin ruwa ba kafin su sha zaƙi. Idan ɗinya ta nuna ta yi baƙi, sai a jiƙa ta, a murje, a tace, a dafa ruwan har ya yi kauri. Shi ne maɗi, ba ya neman ko ƙwayar sukari. A ƙara masa wuta a ja shi, ya zama alewa. Magarya kuwa shanya ta ake yi a adana.

Abin da ya dame ni shi ne itatuwan. Masu gawayi da itace suna sare su, mu ne kuma masu saye. Uwargida, in mai jaki ya kawo itace, ki tambaye shi na wace bishiya ne. Ke kuma 'yar makaranta, hutun nan ki je wurin kakarki ta nuna miki yadda ake gane maɗi ya ƙosa.